Masu Hana Barci

A wata unguwa ta Matamaye, can bayan tashar mota, akwai wata mai ɗinki da ta kusa cika shekara hamsin, wadda ƴan matan unguwa ke kira Gwaggo ko da ba su haɗa jini da ita ba. A ƙarƙashin gadonta akwai akwatin ƙarfe irin na lefen da, cike da littattafai. Wasu sun rasa bango, wasu an ɗinke musu baya da zaren keke, wasu kuma gara ta ɗanɗana gefensu ta bari. Ba ta jera su bisa sunan marubuci ko shekarar bugu ba. Kashi biyu ta yi musu: na dama su ne masu hana barci, na hagu kuma masu sa barci. Tana ba da hayar kowane ɗaya dala biyar a kwana, ta rubuta sunan mai ɗauka a wani tsohon littafin lissafi, amma in yarinya ta miƙa hannu ɓangaren hagu sai ta gargaɗe ta tukuna, don kada gobe a ce ta ci kuɗin banza.

Tana aji na biyu na kwaleji aka cire ta aka yi mata aure, a ƙarshen shekarun 1980. Abin da ta fito da shi daga makaranta shi ne Faransanci mai ɗan dama da kuma sanin haruffa. Ba a taɓa koya mata karatun Hausa a aji ba, ko na yini ɗaya. An buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram tun 1973, amma irin waɗannan makarantu ba su da yawa, kuma ita ba ta faɗa cikinsu ba. Hanyar mota ce ta koya mata. Wanda ya san Matamaye ya san cewa kwaltar da ta baro Takeita ta ratsa Kance ba ta tsayawa a garin, sai ta wuce Ɗan Barto ta tsallaka Kwangwalam, ta bi ta Daura ta shiga Kano. Kano ta fi Yamai kusa nesa ba kusa ba. Motocin da ke kai dabbobi da wake can suna dawowa da atamfa da robobi da kaset, kuma a tsakanin kayan, tun daga farkon shekarun 1990, akan sami ƙananan littattafai masu siririyar takarda da ake saro su a kasuwannin Kano.

Farkon haɗuwarta da su wahala ce. Idon da ya saba da Faransanci yakan ga harafin c ya furta shi s ko k, ya ga u ya tsuke baki. Ga shi kuma yawancin masu buga littattafan ba su damu da lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ ba, sai mai karatu ya yi ta canke ko ƙasa ake nufi ko kasa, ko ɗaki ko daki. Ta ce littafinta na farko ya ɗauke ta kusan wata guda, tana bin layi da yatsa tana furtawa a bayyane har kunnenta ya gane abin da idonta ya kasa. Na uku kuwa a dare biyu ta cinye shi da fitilar ƙwai. Da za a bi gida-gida a Matamaye da Kance da Magarya a tambayi matan da suka iya karanta Hausar boko inda suka koya, da yawansu irin wannan amsa za su bayar, kuma amsa ce da ba ta cika yi wa malaman makaranta daɗi ba.

Duk wanda ya ji labarin akwatin yakan ɗauka littattafan soyayya ne suka fi rinjaye a zuciyarta. Ba haka ba ne. Abin da ta fi so shi ne labarin ɓarayi da ƴan sanda da masu fasa-ƙwauri, wanda take kira polisiye. Wanta da ya yi karatu a Damagaram ne ya fara kawo mata tsofaffin littattafan James Hadley Chase cikin fassarar Faransanci, irin na jerin Série noire da kamfanin Gallimard ya soma fitarwa a 1945. Ta sha wuya da ƙamus kafin ta saba. Abin da ya kama ta a wurin Chase, in ji ta, shi ne mutumin ya san farashin kome. In wani zai ci amanar ubangidansa, za a gaya maka nawa aka ba shi, da bashin da ke wuyansa, da matar da yake so ya burge. Mai karatu yana ganin ramin tun daga nesa, yana ganin mutumin yana tafiya zuwa gare shi da ƙafarsa, kuma ba ya iya ajiye littafin. Da aka gaya mata cewa Chase Baturen Ingila ne, kuma da taswira da ƙamusun karin maganar titi ya rubuta Amurkar da ke cikin littattafansa na farko, sai ta yi dariya ta ce ai ba Amurka ta je nema ba, kwaɗayi ta je gani, shi kuwa kwaɗayi ba ya buƙatar biza.

Littattafan SAS na Gérard de Villiers, waɗanda suka cika teburan masu sayar da tsofaffin littattafai a biranen Afirka masu amfani da Faransanci, suna cikin ƴan kaɗan da ta hana shiga akwatin gaba ɗaya. Ta karanta biyu ko uku, har da wanda aka gina a kan juyin mulki a Wagadugu. Hukuncinta gajere ne: a cikinsu baƙin mutum direba ne ko gawa, baƙar mace kuma shimfiɗa ce. A nan dai akwai abin da za a ce mata. Matan da ke cikin littattafan Chase su ma ba su tsira da mutunci sosai ba, mafi yawansu tarko ne da aka ɗana wa namiji. Ta san da haka, amma ta yafe masa saboda ya iya ba da labari, ta ƙi yafe wa ɗayan saboda ƙasarta ya taɓa. Mai karatu na gaskiya ba alƙali ba ne, yana da ƴan ɗaki.

Inda maganarta ta fi nauyi shi ne a kan na Hausa. Littattafai biyu da suka fito daga gasar da Hukumar Al'adu ta Tarayyar Nijeriya ta shirya, aka buga su a 1982, su ne a saman ɓangaren dama. Na farko shi ne Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, labarin wani hamshaƙin mai fasa-ƙwauri, Alhaji Gabatari, da yadda dukiyarsa ke sayen idanun waɗanda aka sa su tsare iyaka. Mutumin Matamaye ba ya buƙatar a yi masa bayanin wannan sana'a. Yana ganin man fetur a kwalabe a bakin hanya, yana jin ƙarar babura suna ratsa gonaki da tsakar dare ba fitila. Don haka Gwaggo ta karanta littafin kamar yadda mahauci ke kallon wani yana fiɗa. Ta ce marubucin bai yi mata ƙarya ba: ya nuna cewa babban ɓarawo ba ya ɗaukar kaya a kansa, kuma shi ne ke zama a sahun gaba a wurin ɗaurin aure. Ta kan ƙara da cewa yaron da ya karanta wannan littafi zai daina yi wa wasu manyan riguna kallon tsarkaka, wataƙila kuma shi ya sa ba kowane uba ke son ɗansa ya karanta ba.

Na biyu shi ne Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, littafi mai kauri, mai jini, wanda ya bi sawun Mailoma da tawagarsa a Nijeriyar bayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, lokacin da bindiga ta yi yawa a hannun waɗanda suka koyi harba ta. Ba ta ba kowace yarinya shi, sai wadda ta ga hankalinta ya zauna. Amma ba ta yarda a ce masa littafin banza ba. Hujjarta ita ce mugun da ke cikinsa yana da asali, yana da ƙauyen da ya fito, kuma mai karatu yana iya bin sawun yadda ya lalace. Ta ce mugun da aka haifa da mugunta tun a shafin farko dodon tatsuniya ne, ba ya tsorata kowa sai yara. Wanda ke hana barci shi ne wanda ka ga an yi masa abin da, da kai aka yi wa, ba ka san inda za ka tsaya ba. Da wannan ma'auni ne ta ɗauko Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, ɗaya daga cikin littattafai biyar na farko da suka biyo bayan gasar 1933, ta sa shi cikin polisiye. Mai kuɗi ya ƙwace wa saurayi budurwa, saurayin ya ba da rayuwarsa ga neman fansa, fansar kuma ta faɗa a kan ɗan da bai ci ba bai sha ba. Masana ba su saba ajiye shi a wannan rukuni ba, amma da wuya a ce ta yi kuskure.

Akwai abin da ba ta yafewa, kuma ta fi yawan samunsa a littattafan baya-bayan nan. Marubuci zai ƙulla ƙulli har littafi uku, ya sa mutum ya biya haya sau uku, sa'an nan da ya ga ƙullin ya fi ƙarfinsa sai ya aiko da hatsarin mota ya kashe mugun. Ko kuma a gano a shafin ƙarshe cewa talakan saurayin ashe ɗan wani attajiri ne da aka sace tun yana jariri. Wannan, a wurinta, sata ce da rana tsaka. Haka kuma wa'azin da ake liƙawa a ƙarshe bayan an gama baje kolin duk abin da ake hani da shi. Ta kira shi kuɗin shan ruwa da marubuci ke miƙa wa mai tace littafi don a bar shi ya wuce shinge. In labari ya kai labari, in ji ta, mai karatu zai ji tsoron Allah tun a tsakiya, ba sai an tsayar da shi a bakin ƙofa an yi masa huɗuba ba.

Game da littattafan matasa kuwa, ra'ayinta ya fi ba da mamaki: ta ce babu su. Akwai na yara, su tatsuniyoyi da Magana Jari Ce, wanda ta jefa ɓangaren hagu don kawai malamai sun cika yabonsa, kuma a nan ta zalunci Abubakar Imam ƙwarai, domin akun nan ba ƙaramin gwanin riƙe mai sauraro ba ne. Sai kuma na matan aure, masu kishiya da uwar miji da saki uku. Yarinya ƴar shekara 14 ba ta da nata, sai ta ɗauki na yayarta ta sa, kamar takalmin aro. Kaɗan ne suka zo kusa. Ɗaya shi ne Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, labarin Abu da aka cire daga makaranta aka aurar wa tsoho, ta gudu, ta koma neman ilimi da kanta. Gwaggo ba ta cika son yin magana a kansa ba. Ta dai ce ta karanta shi a ɗakin aurenta, shekara ɗaya ko biyu bayan an yi mata irin abin da aka yi wa Abu, kuma bambancinsu shi ne ita ba ta da inda za ta gudu. Wannan littafi ba ta karɓar kuɗin hayarsa.

Ɗayan shi ne In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, na 1991, wanda ya sha suka saboda Sumayya ta faɗa rijiya don gudun auren dole. An yi ta cewa zai koya wa ƴan mata kashe kansu. Gwaggo ta ce tun tana ƙarama, kafin a haifi littafin, ta ji labarin amaryar da aka tsamo daga rijiya a wani ƙauye na kusa, kuma wannan amarya ba ta san ko harafi ɗaya ba. An bar jaki ana dukan taiki.

Ba wai ta wanke littattafan soyayya tas ba. Laifin da take gani a cikinsu dabam ne da wanda malamai da iyaye ke gani. Su suna tsoron soyayyar, ita tana tsoron dukiyar. A cikin goma, tara gidan bene ne, da mota mai sanyi, da saurayin da ya dawo daga Landan ko Dubai. Ba ta taɓa cin karo da jarumar da ke tallan rake a bakin tasha ba, ko wadda ke tashi da asuba ta ɗebo ruwa kafin ta tafi makaranta, ko saurayin da ke noman rani a fadamun Korama yana tara kuɗin aure kwando-kwando. Yarinyar Matamaye takan rufe littafin ta dubi ɗakin uwarta sai ta ji kamar an cuce ta. Daga nan ne raini ke farawa, daga nan ne kuma mai babbar mota da ya tsaya a bakin hanya ke samun saukin magana. Littattafan Adoras da aka fara bugawa a Abijan a 1998, waɗanda ƴan lise ke karɓa hannu da hannu, su ma wannan cutar ce da su, sai dai an sauya Kano da bakin teku.

Masana sun yi wannan muhawara a Nijeriya da zafi. Ibrahim Malumfashi ne ya laƙaba wa littattafan suna Adabin Kasuwar Kano a shekarun 1990, yana ganin ba za su daɗe ba, Abdalla Uba Adamu kuma ya tsaya musu a shafukan jaridu yana cewa su ne suka sa matasa karatu. A 2007 gwamnan Kano na lokacin, Malam Ibrahim Shekarau, ya jagoranci ƙona wasu da aka ƙwace daga hannun ɗalibai. Labarin ya iso Matamaye ta rediyo. Gwaggo ba ta san sunayen masanan ba, amma ta tsaya a wani wuri da ba na ko ɗayansu ba: ba ta yarda a ƙona ba, ba ta kuma yarda a yabi kome da kome don kawai da Hausa aka rubuta ba.

An gwada wannan matsayi nata a cikin gidanta. Ƴar ƙanenta da ke aji na ƙarshe na kwaleji, shekarar jarrabawar BEPC, malamin Faransanci ya kama ta da littafi a ƙarƙashin tebur ana tsakiyar darasi. Wani polisiye ne marar bango daga cikin akwatin. Yarinyar ta dawo gida tana kuka, ba don littafin ba, don malamin ya ce zai kai wa mahaifinta. Mahaifin kuwa ya daɗe yana neman dalili, akwai ma wanda ya riga ya kawo gaisuwa. Gwaggo ta ɗauki mayafi ta tari malamin a hanya bayan la'asar, ta roƙe shi ya biyo ta gida.

Ya zauna a kan tabarma kusa da keken ɗinki, ya yi bayaninsa, kuma bayanin ba na banza ba ne. Yarinyar tana da kai, amma Faransancinta na rubutu ya yi rauni, jarrabawa saura wata uku, kuma ba da Hausa za a yi ta ba. Duk daren da ta ba wannan littafi, ta ƙwace shi ne daga nahawu.

“Hajiya, ba na ƙin karatu,” in ji shi. “Amma wannan ba zai ba ta takarda ba.”

“Gaskiyarka, Mushe. Daga yau har a gama jarrabawa akwatin nan a rufe yake gare ta, ni na ɗauki wannan. Amma in ka kai wa ubanta, ba littafin za ka raba ta da shi ba, ajinka za ka raba ta da shi. Ni an yi mini, kuma a kan abin da bai kai wannan ba.”

Ya yi shiru. Sai ta tambaye shi ko ya karanta abin da ya ƙwace. Ya ce bai karanta ba. Ta tambaye shi ko akwai wani littafi a makarantar da yarinyar za ta ɓoye a ƙarƙashin tebur don ta kasa haƙuri ta ga ƙarshensa. Ya ambaci Sarraounia na Abdoulaye Mamani, wanda ya fito a 1980. Ta ce wannan kam mai hana barci ne, ta karanta shi, amma kwafi nawa ke akwai, kuma ana barin yara su tafi da shi gida? Bai amsa ba, don ya san amsar: ɗalibai sun fi sanin littafin ta gutsattsarin da ake rubuta musu a allo ana tambayarsu aikatau da lokacinsa. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Bai kai maganar ga uban ba. Yarinyar ta zauna jarrabawarta.

Akwatin ya daina cika kamar da. Rufe iyakar da Nijeriya ta yi daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Yuli 2023 har zuwa Maris 2024, sun katse hanyar, amma tun kafin nan bugun takarda ya ja baya a Kano, marubuta da yawa sun koma sakin labaransu kashi-kashi ta wayar hannu. Gwaggo tana da littattafai na ɗaya masu yawa waɗanda na biyunsu bai taɓa tsallako iyaka ba. Ƴan mata sukan zauna a gindin keken su ƙirƙiro musu ƙarshe, ita kuma tana yanke hukunci: duk wadda ta kawo hatsarin mota ta faɗi. A Maris 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, ya mai da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Da ta ji a rediyo ba ta yi guɗa ba, tambaya ta yi: to me za a ba yaran su karanta, kuma wa zai rubuta musu labarin da ke faruwa tsakanin Takeita da Ɗan Barto? Malamai da ƙungiyoyin raya al'adu da ke shirya gasar rubutu za su iya jin wannan tambaya a matsayin tsokana, amma daga bakin wadda ta fi shekara talatin tana lura da abin da yara ke ɗauka da abin da suke mayarwa ba su gama ba ta fito.

Ranar da malamin zai tafi, ta mayar da marar bangon cikin akwati, ta zaro Turmin Danya ta miƙa masa. Ya ce ba shi da lokaci. Ta ce ya riƙe dai. Ta buɗe littafin lissafinta ta rubuta Mushe a ƙarƙashin sunayen ƴan mata, da kwanan wata. Bayan mako guda ya aiko wani ɗalibi ya tambaya ko marubucin yana da wani littafin, ta aika masa da Mallakin Zuciyata na 1980, tare da gargaɗin cewa wannan na soyayya ne. Har yanzu bai maido ko ɗaya ba, ita kuma ba ta soke sunansa ba, dala biyar-biyar ɗin tana ta hawa.